Tambayoyi da amsoshi kan tsara fayilolin gina manhaja a aikin da ya bazu cikin foldoji da yawa

Tambaya: Mene ne ainihin aikin fayil ɗin gini, kuma me ya sa yawan foldoji ke dagula shi?

Amsa: Fayil ɗin gini, irin su Makefile, yana gaya wa kwamfuta abin da za a samar, da abin da samarwar ta dogara a kansa, da umarnin da zai samar da shi. Stuart Feldman ne ya rubuta make, manhajar da ke karanta Makefile tana aiwatar da shi, a cibiyar bincike ta Bell Labs a shekarar 1976, kuma dabarar da ta zo da ita ba ta canja ba har yau: tana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil a ƙarshe, idan tushe, wato fayil ɗin da ake gini daga gare shi, ya fi abin da aka samar daga gare shi sabunta, sai ta sake gina wannan abu da duk abin da ya rataya a kansa. Matuƙar fayilolin suna folda ɗaya, make tana ganin taswirar dogaron gaba ɗayanta. Da zarar aiki ya girma aka raba shi, laburare (tarin lambobin manhaja da wasu sassa ke amfani da su) a nan, babbar manhaja a can, gwaje-gwaje a wani wuri dabam, sai a fara tunanin raba taswirar ita ma, alhali foldoji an yi su ne domin mutane su san inda abu yake, dogaron fayiloli kuwa bai san iyakar folda ba.

Tambaya: Mutane da yawa suna sa Makefile a kowace folda, na sama ya riƙa kiran na ƙasa. Mene ne aibin wannan tsari?

Amsa: Shi ne tsarin da ya fi saurin zuwa a zuciya, inda fayil ɗin sama ke bin foldoji ɗaya bayan ɗaya da umarni kamar `$(MAKE) -C laburare`. Aibinsa shi ne kowane kira yana ta da sabuwar make wadda ba ta san komai ba sai guntun taswirar da ke gabanta. Wani marubucin manhaja mai suna Peter Miller ya yi bayanin wannan dalla-dalla a wata maƙala da ya fitar a 1997, wadda har yanzu ake komawa gare ta duk lokacin da muhawarar ta taso.

A ɗauka akwai folda mai suna `sadarwa` wadda take samar da fayil `sako.h` daga wani fayil na bayanin tsarin saƙonni, akwai kuma folda mai suna `shiri` da ke amfani da `sako.h` ɗin. Idan aka gyara bayanin saƙonnin, amma jerin da aka rubuta da hannu ya sa an shiga `shiri` kafin `sadarwa`, to make ta farko za ta ga tsohon `sako.h`, ta yanke cewa babu abin da ya canja, ta wuce abinta. Daga baya ne ta biyu za ta sabunta fayil ɗin. Sakamakon shi ne manhajar da rabinta ke magana da sabon tsari, rabinta da tsoho, kuma babu wani saƙon kuskure da zai bayyana. Ana iya gyara jerin, amma ranar da foldojin biyu suka dogara da juna ta fuskoki biyu, babu jerin da zai yi daidai. Alamomin cutar sanannu ne ga duk wanda ya taɓa aiki a irin wannan wuri: sai an kira make sau biyu kafin gini ya daidaita, ko kuma a ga kowa ya saba rubuta `make clean`, wato goge duk abin da aka gina a baya, kafin ya yarda da abin da ya gina. Haka kuma `make -j8`, wato gudanar da ayyuka takwas a lokaci guda, yakan tona asirin duk wani dogaro da ba a rubuta ba, domin jerin da ake fakewa da shi ya rushe.

Tambaya: To ke nan a tattara komai cikin ƙaton fayil guda?

Amsa: A'a. Abin da ake buƙata shi ne make guda ɗaya ta karanta komai, ba wai komai ya zauna a fayil ɗaya ba. Kowace folda tana riƙe da ƙaramin fayil, a ce `module.mk`, mai lissafa fayilolinta da abin da suke dogara a kansa, sannan Makefile na sama ya jawo su duka da umarnin `include`. Ƙa'idojin da kowa ke tarayya a kansu, kamar yadda ake mayar da fayilolin tushe na `.c` zuwa ginannun fayilolin `.o` da zaɓuɓɓukan kwamfaila, wato manhajar da ke yin wannan juyi, su zauna wuri ɗaya a sama.

Tambaya: Wannan hanyar ba ta da nata tarkon?

Amsa: Tana da shi, kuma wanda ya fi kama mutane shi ne cewa duk sunayen da ake ajiye ƙima a cikinsu sun zama na kowa da kowa. Idan `module.mk` na folda ta farko ya sa ƙima a `DIR`, na folda ta biyu ya sake sa wata, to umarnan da ke ƙarƙashin ƙa'idoji, waɗanda make ba ta warware su sai lokacin gudanarwa, za su ga ƙimar ƙarshe ce kawai, ko da a folda ta farko aka rubuta su. Maganinsa shi ne a yi amfani da `:=` maimakon `=` domin a warware ƙima nan take, a sa wa kowane suna alamar foldarsa a gaba, a kuma ɗaura zaɓi na musamman a kan abin da ake ginawa kai tsaye, kamar `sadarwa/sako.o: CFLAGS += -O2`. Dole ne kuma a rubuta kowace hanyar fayil daga tushen aikin, tun da make ba ta shiga kowace folda. Dogaro a kan fayilolin `.h`, waɗanda fayilolin `.c` ke jawowa cikinsu, kuwa bai kamata a rubuta shi da hannu ba, domin kwamfailoli irin su GCC da Clang suna fitar da shi da kansu idan aka ba su `-MMD -MP`, sai kawai a jawo fayilolin `.d` da suka samar.

Tambaya: Amma ai Linux tana kiran make a cikin make, kuma tana ginuwa lafiya. Yaya aka yi?

Amsa: Gaskiya ne, sai dai da sharuɗɗa masu tsauri. A Kbuild, tsarin ginin Linux, Makefile na kowace folda kusan jeri ne kawai, kamar layin `obj-$(CONFIG_EXT4_FS) += ext4/` da ke cikin foldar `fs`, ainihin ƙa'idojin kuwa suna ƙarƙashin `scripts`, kowa na amfani da su iri ɗaya. Ana kuma samar da fayilolin `.h` na gama-gari a matakin shiri kafin a fara shiga foldoji. A ganina ba misali ne da ƙaramin aiki zai kwaikwaya ido rufe ba, domin shekaru aka ɗauka ana toshe ramukansa. Inda kiran make a cikin make ya dace ba tare da gardama ba shi ne laburaren wasu da aka ajiye cikin aiki, mai tsarin gininsa na kansa, wanda ba ya dogara da komai na wajensa.

Tambaya: Idan ana amfani da wasu manhajojin gini kamar CMake ko Meson ko Bazel, matsalar ta kau?

Amsa: Rabinta ta kau. CMake, wadda kamfanin Kitware ya fara fitarwa a 2000, tana barin kowace folda ta riƙe `CMakeLists.txt` nata, ana haɗa su da `add_subdirectory`, amma tana karanta su duka kafin ta fitar da umarnan gini, ko na make ko na Ninja, wata manhajar gini mai kama da make. Meson tana yin haka da `subdir`, Bazel kuma, wadda Google ta saki a 2015, da fayilolin `BUILD`. Rabin da ya rage yana wuyan marubuci. A CMake, wanda ya zuba `include_directories` a fayil ɗin sama ya buɗe wa kowace folda hanyar ganin fayilolin kowa, sai dogaro ya riƙa tsiro ba tare da an rubuta shi ba. Abin da ya fi shi ne kowane laburare ya bayyana bukatunsa da `target_include_directories` da `target_link_libraries`, ya sa `PRIVATE` ga abin da shi kaɗai ke buƙata, ya sa `PUBLIC` ga abin da masu amfani da shi za su gada.

Tambaya: A ina ya kamata abin da aka gina ya sauka?

Amsa: A folda ta dabam, wadda aka saba kira `build`, kuma a sa ta cikin `.gitignore`, jerin abubuwan da git, manhajar adana tarihin fayiloli, ba za ta ajiye ba. Da haka ana iya riƙe ginin gwaji da ginin fitarwa gefe da gefe daga tushe ɗaya, sharewa kuma ta zama goge folda guda. Meson ma ba ta yarda a yi gini a cikin foldar tushe ba sam.