Sayen Lexus ko Mercedes ta hannu da kuɗi kaɗan: tambayoyi da amsoshi

Kuɗina ba su da yawa, amma motar alfarma nake so. Daga ina zan fara?

Ka fara da raba kuɗin gida biyu. Kashi huɗu cikin biyar na sayen motar ne, kashi ɗaya na aikin farko: baƙin mai, man giya, ruwan lagireto, birki, batir, wataƙila da tayoyi. Motar da ta shekara goma sha biyar farashinta ya faɗi, amma kayan gyaranta suna nan da tsadarsu ta motar alfarma. Wanda ya juye duk abin da ke hannunsa a wajen dillali, sau da yawa motar a ƙofar gida take ƙarewa, an lulluɓe ta da tamfol. Ka kuma lissafa fetur, domin galibinsu injin silinda shida ne, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Wace ce ta fi sauƙin riƙo?

Lexus, kuma da tazara. Kamfanin Toyota ne ke ƙera ta, shi ya sa ES 350 ta 2007 zuwa 2012 take amfani da injin 2GR-FE mai lita 3.5, irin wanda ke cikin Camry V6 da Avalon da Sienna da Highlander na wancan zamanin. Makaniken da ya san Toyota ya san shi, kayansa kuma ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. RX 350 ma injin ke nan, sai dai ta fi tsayi daga ƙasa, don haka ita ta dace da wanda hanyar unguwarsu ke da kwazazzabai. ES ƙasa-ƙasa take, cikinta na yawan gugar tudun rage gudu.

To injin nan ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi, amma sananne ne. A na shekarun farko akwai bututun baƙin mai na tsarin VVT-i (mai daidaita lokacin buɗewar bawul) wanda wani sashensa roba ne. Idan ya fashe, man yana tsiyayewa cikin mintuna, inji ya buga. Daga baya Toyota ta fitar da na ƙarfe zalla, don haka ka sa makanike ya duba wanne ne a jikin motar, in na roba ne a canza shi a makon farko. Na biyu wata-famfo: ka nemi busasshen tabo fari ko mai launin ruwan hoda a gefen inji, alamar yana yoyo ne. Na uku dashbod ɗin da ke yin danƙo ya tsage saboda zafin rana. Wannan muni ne kawai, ba ya hana tafiya, amma hujja ce ta neman ragi.

Tsofaffin, wato ES 330 da RX 330 na 2004 zuwa 2006, bel ne ke juya taimin ɗinsu, ba sarƙa ba. Ana canza bel ɗin a kusan kilomita 145,000, tare da wata-famfo. In babu shaidar an canza, ka ɗauka ba a canza ba.

Ni dai Mercedes ce a raina. Haramun ce ga mai ƙaramin ƙarfi?

A'a, amma da sharaɗi: sai kana da makanike ɗaya da ya ƙware a kanta, mai kwamfutar da ke karanta ta. C300 ta 2008 zuwa 2014 da E350 ta 2010 zuwa sama motoci ne masu ƙwari. Abin da aka san C300 da shi shi ne makullin sitiyari na lantarki: wata rana ka sa mabuɗi, shiru, ba ta ko motsi. Injin Mercedes mai silinda shida da ake kira M272, na shekarun farko, wajen 2005 zuwa 2007, yana da matsalar haƙoran balans shaf da ke cinyewa, kuma gyaran sai an sauke inji. Injin nan yana shan baƙin mai lita 8, wanda ya cika ƙa'idar Mercedes mai lamba 229.5, alhali na Lexus wajen lita 6 ne na 5W-30. Man kwalba na bakin titi yana kashe duka biyun, amma Mercedes ta fi saurin nuna fushi.

Abin da mai lissafin kuɗi zai guje wa shi ne duk motar da ke zaune a kan balan-balan na iska maimakon sifirin, kamar S-Class da Range Rover da wasu ML da GL. Balan-balan ɗin roba ne, yana tsagewa da tsufa, famfon da ke hura shi ya yi ta aiki har ya ƙone. In ka ga motar ta kwana ta durƙusa gefe ɗaya, ka san abin da ke tafe.

Tokumbo ko wadda aka hau a gida?

Lafiyar motar ce abin dubawa. Tokumbo da yawa daga gwanjon motocin hatsari na Amurka suke fitowa, irin su Copart da IAAI. Ka kwafi lambar casis mai harufa da lambobi 17 daga ƙasan gilashin gaba, ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofar direba da ta takardu, sannan ka bincika ta a Carfax, shafin tarihin motoci, ko ka rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna fitowa. Bugun bamba ko ƙofa ba komai ba ne. Wadda ambaliya ta shanye kuwa ka bar ta ko nawa aka rage, saboda ruwa yana cin wayoyi a hankali, matsala kuma ba ta ƙarewa. Ka ɗaga kafet, ka duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da laka a ramin safaya taya. Ka lura kuma motar Amurka mil take ƙirgawa: mil 150,000 ya haura kilomita 240,000.

Ranar dubawa me za a yi?

Ka je da safe da makanikenka, ba na mai sayarwa ba, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake, domin ƙarar sarƙar taimin da hayaƙi a tashin farko suke fitowa. Ka murɗa mabuɗi ba tare da tayarwa ba: fitilar cek injin da ta ABS da ta eyabag dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ne ko an rufe. A jona kwamfuta, kuma in ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, to yanzu-yanzu aka goge laifuffukan. A buɗe murfin mai, in akwai kumfa mai kalar shayi da madara, ruwa na haɗuwa da mai. A shiga ƙarƙashi a duba ko an yanke indomin salansa, wato matatar hayaƙi, ana yawan sace shi saboda tsadarsa. Daga nan a yi tafiyar aƙalla minti talatin da esi a kunne, har da cunkoso, ana kallon allurar zafi, ana jin ko giya na fizga.

Takardu fa?

Takardar dutin kwastam ita ce kan gaba. Tun Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar Kwatano mai araha fiye da kima abar tuhuma ce. Ka kai lambar takardar ofishin kwastam a tantance kafin ka biya. In wadda aka hau a gida ce, sunan da ke kan shaidar mallaka ya dace da katin shaidar mai sayarwa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kuɗin kuma su bi ta banki zuwa asusu mai wannan sunan.