Fihirisa daban, shafin farko daban: me ake nufi da indes a takardun manhaja?

Tunda kowa ya koma haɗa takardun bayanin manhajarsa da Sphinx ko Doxygen, wato manhajojin da ke fitar da irin waɗannan takardu, kalmar indes ta zama ruwan dare, kuma wallahi yawancin masu faɗinta ba abu ɗaya suke nufi ba. Wani zai ce "indes ɗina ya hargitse, ya zan gyara tsarinsa", ka tambaye shi ya turo maka, sai ka ga index.rst ya turo, wato shafin farko na takardun. Wani kuma jerin babuka yake nufi, wanda a Sphinx ake yi da toctree. Na uku akwatin bincike yake nufi, don akwai fayil mai suna searchindex.js da ke riƙe da kalmomin da ake nema. Duk ba su ne ba.

Indes na gaskiya shi ne fihirisa, irin wadda ke ƙarshen littafi, kalmomi a jere daga A zuwa Z kowacce da inda za ka same ta. A Sphinx sunan shafin genindex, sai ƙaninsa py-modindex mai jera modul ɗin Python kawai, wato fayilolin kod na yaren Python. Shi kuma index.rst ya samu sunansa ne saboda tsohuwar al'adar sabar yanar gizo ta buɗe index.html in ba a faɗi wane shafi ake so ba, babu ruwansa da jeren haruffa.

To abin da ya fi ba ni haushi ba rikicewar suna ba ne, a'a, yadda mutane suka ɗauka cewa tunda na'ura ce ke fitar da fihirisar, to ai ta gama aiki, ba sai an taɓa ba. Duba misalin Qt, wani tarin kod da ake gina manhajoji da shi. Kusan duk ajin da ke cikinta, wato kowane rukunin kod mai suna, da harafin Q yake farawa: QWidget, QString, QFile, QTimer, har ɗaruruwa. In ka bar na'ura ta jera su yadda ta ga dama, za ka samu A kusan babu komai, B babu komai, sai ka iso Q ka tarar da duk duniya a cunkushe kamar tasha ranar kasuwa, mai neman QTimer sai ya yi ta gangarawa ƙasa yana zare ido, alhali da an cire Q ɗin a lissafi da kai tsaye T zai nufa. Haka takwararta GTK take, sunayen ayyukanta da gtk_ suke farawa. Haka ma duk wanda ya zuba modul ɗinsa a ƙarƙashin sunan kunshi guda, komai zai taru a harafi ɗaya.

Kuma maganin nan ya daɗe da zuwa. Doxygen, wanda Dimitri van Heesch ya fitar tun 1997, yana da IGNORE_PREFIX, ka rubuta masa gaban sunan da kake so ya yi watsi da shi wajen jerawa, shi ke nan. Sphinx, da Georg Brandl ya fitar a 2008 don takardun Python, yana da modindex_common_prefix a cikin conf.py, fayil ɗin saitunansa, aikinsu kusan iri ɗaya, sai dai shi wannan jerin modul na py-modindex kawai yake shafa. Layi ɗaya ne fa, amma sai ka ga aiki mai shekaru bai taɓa sa shi ba.

Sauran gyare-gyaren na kwalliya ne mafi yawa. In shafin ya yi tsawo ka kunna html_split_index, kowane harafi ya samu shafinsa, Javadoc, takwaransu na yaren Java, ma yana da -splitindex. In kamannin ne bai maka ba, ka kwafo genindex.html cikin babban fayil ɗin samfuranka ka gyara. Masu fitar da PDF ta LaTeX kuma su nemi fayil ɗin salo mai ƙarewa da .ist. Abin lura guda, Sphinx yana mayar da é ƙarƙashin E, amma harafi irin ø ko ƙ can bayan Z yake jefa shi, don lambar Unicode yake bi, wato lambar da kwamfuta ke gane kowane harafi da ita.

Ni dai a ganina jerin sunayen ayyuka da na'ura ta tsinto daga kod bai cancanci a kira shi fihirisa ba tukuna. Wanda ya san sunan aikin ai ba ya buƙatarta, bincike zai yi. Mai buƙatarta shi ne wanda ya san matsalarsa amma bai san me kuka sa mata suna ba, yana neman "goge fayil" ku kuma kun kira abin unlink. Don irinsa aka yi umarnin index a Sphinx: single ya sa shigarwa ɗaya, pair ya sa ta a wuri biyu ta yadda ko ta wace kalma ya zo zai samu, see kuma ya tura shi daga kalmar da ya sani zuwa wadda kuke amfani da ita, in ka sa alamar ! a gaba kuma shigarwar ta fito da kauri a matsayin babban wurin bayanin. Waɗannan da hannu ake rubuta su, sakin layi bayan sakin layi, shi ya sa ake gudunsu a tafi canza launin genindex.