Wa ke raba wa taurarin ɗan'adam rumfa a sararin samaniya?

Ranar da aka zo saita mana dish a gidanmu na Ƙofar Ƙaura, a Katsina, yaron da ke aikin ya hau rufi da sifana a baki, ƙaramin ɗana kuma yana tsaye a ƙofar falo, ido a kan talabijin, yana ɗaga murya: "Ya kawo! A'a, ya ɗauke! Koma kaɗan!" Tsakanin hoto da duhu bai fi faɗin yatsa ba. Da ya sauko yana share gumi, na tambaye shi me ya sa ban taɓa ganin an juya dish wajen Maraɗi ba. Ya ce, "Baba, ai can babu kowa. Duk suna ta kudu da mu, a jere kamar rumfunan kasuwa, kowa da wurinsa."

Gaskiya ya faɗa. Akwai wani falaki guda ɗaya tak a saman layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, inda tauraron ɗan'adam ke zagaya duniya daidai da saurin juyawarta. Daga nan ƙasa sai ka gan shi kamar a tsaye yake, shi ya sa ake ɗaure dish sau ɗaya a manta da shi. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da ikwaita, don haka jerin yana kudu da mu. To amma zobe ne mai digiri 360, ba ya ƙaruwa. Idan taurari biyu suka matsu da juna kuma suna aiki a kan mita ɗaya, muryoyinsu za su cakuɗe. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango da dare, ya ji tashoshi biyu suna hawa kan juna, ya san abin da nake nufi.

Kasuwa kuwa ba ta ci sai da sarkinta. Tushen dokar shi ne yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Najeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita. Sashe na biyu ya ce babu ƙasar da za ta mallaki wani yanki na sararin samaniya, ko ta hanyar da'awa, ko ta amfani da shi, ko ta mamaye shi. A 1976 wasu ƙasashen da ikwaita ta ratsa, cikinsu har da Kolombiya da Kenya da Yuganda da Indunusiya, sun taru a Bogota suka ce sashen falakin da ke saman ƙasarsu nasu ne. Duniya ba ta karɓa ba. Saboda haka abin da ƙasa ke samu a can sama aro ne, kamar aron gona: ka noma, ka ci amfani, amma ba ka da takardar mallaka.

Mai kula da rajistar aron ita ce Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda aka kafa tun 1865 a zamanin wayar tangarahu, yanzu kuma tana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, hedikwatarta a Jeniba. Sashe na 44 na kundinta ya kira mitocin rediyo da falakan taurari albarkatu masu iyaka, waɗanda dole a yi amfani da su cikin tsimi, kuma kowace ƙasa ta samu damarta bisa adalci, tare da la'akari da buƙatun ƙasashe masu tasowa. Ƙa'idojin rediyo da ke aiwatar da wannan sashe su ma yarjejeniya ce mai ɗaure ƙasashe, ana kuma sake duba su duk bayan shekara uku zuwa huɗu. Taron 2023 a Dubai aka yi shi.

Ga yadda neman wuri yake. Kamfani ba ya zuwa ITU da kansa, gwamnatin ƙasa ce ke shigar da takarda ta ce tana son wuri kaza da mita kaza. ITU ta wallafa buƙatar kowa ya gani. Daga nan sai a shiga sasantawa da waɗanda suka riga ka shigar da tasu, har su gamsu ba za ka yi musu kutse ba: ko ka rage ƙarfin siginarka, ko ka karkatar da ita, ko ka sauya mita. Idan an daidaita sai a sa ka a babbar rajista, daga ranar kana da haƙƙin a kare ka daga wanda zai zo bayanka.

Nan ne wa'adi ke shigowa, kuma shi na fi so mai karatu ya riƙe. Daga ranar shigar da takarda kana da shekara bakwai ka kai tauraro wurin. Ba kaiwa kawai ba, sai ya zauna kwana 90 a jere yana da ikon aiki a mitar da ka nema. Idan ya lalace ko ka ɗauke shi, ana iya jingine maka wurin har shekara uku. Ka wuce haka, a goge sunanka, na bayanka ya matso. An tsaurara wannan ne saboda abin da ake kira taurarin takarda, wato a kama wuri ba tare da niyyar harba komai ba. Ƙaramar ƙasar Tonga ta yi suna a kan haka a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ta nemi wurare 16 alhali ba ta da tauraro ko ɗaya. A taron 2019 a Masar an ƙara wani wa'adi ga masu harba ƙananan taurari ɗaruruwa ko dubbai: bayan shekara bakwai ɗin, sai su kai kashi 10 cikin ɗari a shekara biyu, rabi a shekara biyar, duka a shekara bakwai.

A ganina wannan tsari na wanda ya riga zuwa yana da gyara. Mai kuɗi da roka shi ke riga kowa, kuma wanda ya zo a makare shi ke bin na gaba yana roƙo. Ƙasashe masu tasowa sun daɗe suna kuka a kan haka, shi ya sa aka yi tsarin 1977 na taurarin watsa shirye-shirye, da na 1988 wanda ya keɓe wa kowace ƙasa wuri da wasu mitoci don amfanin cikin gida ko da ba ta shirya ba tukuna. An rage zafi, amma kason bai kai abin da manyan suka riga suka kama ba. Kuma ITU ba ta da 'yan sanda. Abin da ke riƙe dokar shi ne kowa ya san in ya yi wa wani kutse yau, gobe nasa hoton ne zai ɗauke.

Akwai wata ƙa'idar kuma wadda ba doka ba ce, amma kusan kowa na bi. Mun san rigimar mudu: ka auna gero a wannan kasuwa, ka je wata ka tarar mudunsu daban. Haka hukumomin sararin samaniya suke a da, kowa da yadda yake shirya saƙon da kumbonsa ke aikowa, tashar wani ba ta karanta na wani. A 1982 manyansu suka kafa kwamitin CCSDS don a yi mudu ɗaya: yadda za a ƙulla bayanai cikin ƙunshi, yadda za a sa wa ƙunshin alama, yadda za a gyara kuskure idan sigina ta raunana a hanya. Hukumar NASA ta Amurka da ESA ta Turai da JAXA ta Japan da hukumomin Rasha da Sin duk mambobi ne. Amfanin ya fito fili a 2023, lokacin da kumbon Indiya Chandrayaan-3 ya nufi wata: tashoshin Turai da na Amurka sun taya Indiya sauraronsa. Motocin NASA da ke yawo a doron Mars ma suna aiko da bayanai ta kumbon Turai da ke zagaya duniyar. Wannan aron kunne ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiya a Kano, tana cikin jerin tashoshin da suka bi ɗan sama-jannatin Amurka John Glenn lokacin da ya zagaya duniya a Fabrairun 1962.

Mai dish a gida babu ruwansa da Jeniba, gwamnati ce ke tsaya masa. A cikin gida kuma hukumar NCC ce ke ba kamfanonin sadarwa ta tauraro lasisi, kamar yadda ta ba Starlink a 2022 kafin ya fara aiki a farkon 2023. Hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, an kafa ta a 1999, ta kuma harba NigeriaSat-1 a 2003 daga Rasha. Rumfarmu a wancan zobe tana digiri 42.5 gabas. Tauraronmu na sadarwa, NigComSat-1, ya hau can daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukan da ke tara masa hasken rana. A Disamban 2011 aka harba NigComSat-1R ya zauna a wurin, an kuma ƙera shi ne ya yi shekara 15. Lissafin yana cika a ƙarshen 2026. Tauraro kan wuce shekarun da aka ɗiba masa idan mai bai ƙare ba, amma ranar da ya yi shiru, agogon shekara ukun nan zai fara bugawa, ƙera sabo da harba shi kuwa aikin shekaru ne. Abin da nake so wakilanmu na Katsina da Daura a majalisar tarayya su tambaya ke nan idan an zo kasafin ma'aikatar sadarwa: ina magajinsa, wa ke ƙera shi, kuma a wace shekara zai isa digiri 42.5?