Ɗalibi a teburin hukumar makarantu: ƙuri'ar da ake rubutawa da wadda ake ƙirgawa

A Amurka ragamar makarantun gwamnati tana hannun gundumomi. An yanyanka ƙasar zuwa gundumomin makarantu sama da 13,000, kowace da hukumarta ta mutum biyar, bakwai ko tara, kuma akasarinsu jama'ar yankin ne ke zaɓen su. Wannan hukuma ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke ɗaukar babban jami'in da zai tafiyar da makarantun, ita ke sallamarsa in ya gaza. Kwatankwacinsa a wurinmu shi ne sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai dai shi wannan hukumar yake yi wa bayani, ba ciyaman ba. Rufe makaranta, shata iyakar unguwannin da 'ya'yansu za su je wace makaranta, lokacin shiga aji, hana riƙe waya, duk a teburinta ake yanke su. Kuɗin da ke ratsa hannunta ma ba na wasa ba ne: kasafin gundumar Los Angeles na shekara guda ya haura dala biliyan 18.

Waɗanda duk wannan hukunci ke sauka a kansu kuwa yawancinsu ba su kai shekara 18 ba, don haka ba su da ƙuri'a a zaɓen hukumar. An yi ta aske musu kai ba sa nan. Wasu jihohi sun yi doka don gyara wannan ta hanyar ajiye wa ɗalibi kujera a hukumar. To amma kujera suna ce ta tara. Wata a zauna ne a saurara, wata a yi magana a rubuta, wata kuma a kaɗa ƙuri'a a ƙirga. Duk wanda ya ji an ce gunduma kaza tana da wakilin ɗalibai, ya fara da tambayar wace iri ce a cikin ukun nan.

Mu ɗauki Kalifoniya, domin dokarta ta fayyace komai dalla-dalla. Sashe na 35012 na kundin dokokin ilimin jihar ya ce a duk gundumar da ke da babbar sakandare, ɗalibai na iya rubuta takardar koke su nemi a ba su wakili. Ana buƙatar sa hannun ɗalibai 500, ko kashi 10 cikin 100 na ɗaliban sakandaren gundumar, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Gundumar da ke da ɗalibai 2,300 sa hannu 230 ya ishe ta. Mai ɗalibai 20,000 kuwa ba za a ce ta kawo 2,000 ba, 500 ɗin nan ya wadatar. Da zarar takardar ta isa, hukumar ba ta da zaɓi. Dole ta ba da umarnin ƙara aƙalla ɗalibi ɗaya cikin kwana 60, ko a zamanta na gaba in ba ta zauna a cikin waɗannan kwanakin ba. Kujerar ƙari ce, ba a tayar da wani zaɓaɓɓe don a zaunar da ɗalibin. Ɗalibai ne ke zaɓen wanda zai hau ta, wa'adinsa shekara ɗaya, yana farawa ranar 1 ga Yuli.

Dokar ta shiga har cikin abubuwan da mutum zai ɗauka ƙanana ne. Ta ce a zaunar da shi tare da sauran mambobi, ba a gefe ba. Ta ce duk takardar da aka raba wa mambobi domin zaman bainar jama'a, shi ma a ba shi a daidai wannan lokacin. Ta ba shi damar yi wa masu ba da bahasi tambaya da shiga muhawara. Wanda ya taɓa zaman kwamiti ya san dalilin da ya sa aka tsaya rubuta wannan. Hanya mafi sauƙi ta mayar da mutum ɗan kallo ita ce a miƙa masa tulin takardu mai shafi 200 minti biyar kafin a buɗe taro, alhali sauran sun kwana uku da nasu a gida. Ba a hana shi magana ba, amma me zai ce?

Sai batun ƙuri'a, inda gizo ke saƙar. Abin da dokar ta ba shi ana iya kiransa ƙuri'ar bayyana ra'ayi, kuma tun bayan gyaran da aka yi a 2017 ta zama haƙƙin kowane wakilin ɗalibai, ba sai an sake roƙo ba. Sharuɗɗanta uku ne a haɗe: ana shigar da ita kundin bayanan taro, ana kaɗa ta kafin sauran mambobi su kaɗa tasu, kuma ba a lissafa ta wajen fitar da sakamako.

A ce ana zama da yamma kan shawarar rufe wata tsohuwar sakandare a mayar da ɗalibanta wata mai nisa. Zauren ya cika da iyaye, kyamara na ɗauka kai tsaye. An gama muhawara, sakatariya ta ɗauki jerin sunaye. Sunan da za ta fara kira shi ne na yarinya 'yar shekara 17 da ke zaune a ƙarshen tebur da allon sunanta a gabanta. Ta jawo makirufo ta ce ba ta amince ba, domin ƙannenta na makaranta sai sun hau bas biyu kafin su isa sabon wurin. Aka rubuta. Sannan a bi mambobi bakwai ɗaya bayan ɗaya. In huɗu suka ce a rufe, uku suka ce a'a, an rufe ke nan. Ƙuri'arta ba ta mayar da lissafin huɗu da huɗu ba.

Wani zai ce to ina amfanin baɗi ba rai? Ni ban ɗauke ta a banza ba, kuma dalilina shi ne wannan tsari na fara kiran sunanta. Kowane mamba da zai ce a rufe, sai ya faɗa bayan ya ji ta, a gaban iyayen da zai koma neman ƙuri'arsu. Ba zai iya cewa daga baya bai san ra'ayin ɗalibai ba, domin yana nan a rubuce, kuma kowane ɗan jarida na iya neman kundin ya karanta. Da a ƙarshe ake tambayarta, da ta zama kamar addu'ar tashi daga taro. Amma kada a yaudari kai: kunya ce kawai makaminta, kuma akwai 'yan siyasar da kunya ba ta kama su.

Akwai ƙofar da ba ta shiga ko kaɗan, wato zaman sirri. A nan hukumar ke tattauna ladabtar da ma'aikaci, ƙarar da aka shigar da gunduma a kotu, ciniki da ƙungiyar malamai kan albashi, da korar ɗalibi. Wannan hanin yana da hujja. Ba daidai ba ne yarinya ta zauna ana karanta laifin malamin da zai ba ta maki gobe, ko sirrin gidan abokin karatunta. Sai dai cinikin albashi shi ke lashe kaso mafi tsoka na kasafin kowace gunduma, don haka babban yanki na maganar kuɗi yana wucewa ba ta gani ba. Ko gabatar da ƙuduri ma sai hukumar ta ga dama ta ba ta izini, kuma ko an ba ta, ban da abin da ya shafi hulɗar gunduma da ma'aikatanta. A ɗaya gefen, dokar ta kare ta: in aka kai hukumar ƙara kan wani hukunci, babu ruwanta.

Raunin dokar a ganina yana wurare biyu. Na farko, hukumar ce ke tsara yadda ɗalibai za su yi zaɓen. In ta gindaya sharaɗin maki mai yawa, ko sai shugaban makaranta ya sa hannu, to an tace 'yan takara tun kafin a fara. Ɗalibin da ya fi sanin inda tsarin ke ciwo, wanda aka taɓa dakatarwa, ko wanda ya zo ƙasar bai daɗe ba yana fama da Turanci, da wuya ya tsallake irin wannan rariya. Na biyu, hukumar na iya soke kujerar da rinjayen ƙuri'un mambobinta, muddin ta sanya batun a jadawalin zaman bainar jama'a. Gyaran 2023 ya rage wata matsalar: yanzu hukuma na iya biyan ɗalibin alawus na wata ko ta lissafa masa aikin a matsayin darasi, abin da zai taimaki yaron da ke aikin yamma don tallafa wa gida. Shi ma an ce tana iya yi ne, ba a ce dole ba.

Abin mamaki, a matakin jiha Kalifoniyar nan ba ta yi wannan rowa ba. Ɗalibin da ke hukumar ilimi ta jiha, wanda gwamna ke naɗawa, ƙuri'arsa cikakkiya ce kamar ta kowa.

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa idan ana ƙirga ƙuri'ar ɗalibi a gunduma, sai ya duba jihar Meriland. A can kowace gunduma da nata sashen a dokar jiha. A gundumar Anne Arundel, tun 1975 wakilin ɗalibai ke kaɗa ƙuri'a a kan komai. A Montgomery, gundumar da ke da ɗalibai kusan 160,000 da kasafin da ya haura dala biliyan 3, majalisar dokokin jiha ta faɗaɗa ikonsa a 2016 har ya haɗa da kasafin kuɗi, rufe makarantu da yarjejeniya da ƙungiyoyin ma'aikata. Abin da aka bar masa a waje shi ne hukunta ma'aikaci. Shekaru aka yi ana tafiya haka ba wanda ya ɗaga murya sosai, sai da annobar korona ta zo.

A ƙarshen 2020 hukumar gundumar Howard ta zauna kan ko a sake buɗe azuzuwa. Mambobinta takwas ne, zaɓaɓɓu bakwai da ɗalibi ɗaya. Aka yi kunnen doki, huɗu da huɗu, ɗalibin yana cikin masu cewa a ci gaba da karatu ta intanet. Ƙuduri bai wuce ba, makarantu suka ci gaba da zama a rufe. Iyayen da ransu ya ɓaci suka yi wa yaron ca a shafukan sada zumunta, kamar shi kaɗai ya kaɗa ƙuri'a, alhali manya uku ne tare da shi. Wasu iyaye biyu suka garzaya kotu. Hujjarsu ita ce tsarin mulkin jihar ya ce sai mai shekara 18 ke zaɓe ko riƙe muƙamin zaɓe, to ta yaya yara 'yan aji 6 zuwa 11, a tsarin Amurka mai aji 12, za su zaɓi yaro ɗan'uwansu ya zo yana danne ƙuri'ar manya?

Hujjar ba ta wofi ba ce, kuma ya kamata a faɗi haka. Mamban da jama'a suka zaɓa, in ya ɓata, suna jiransa a zaɓe na gaba. Ɗalibi kuwa shekara guda zai yi ya wuce jami'a, mai biyan haraji ba shi da ta cewa a hawansa ko saukarsa. Duk da haka, a watan Agustan 2022 kotun ƙolin jihar ta yi watsi da ƙarar. Ta ce majalisar dokoki ce ta ƙirƙiri hukumomin makarantu, tana kuma da ikon tsara yadda za a cika kujerunsu, don haka ƙa'idojin babban zaɓe ba su hau kan wannan kujera ba. Wata ƙarar da aka kai kotun tarayya, wadda ta haɗa da ƙorafin cewa an ware ɗaliban makarantun kuɗi da na addini daga zaɓen, ita ma ta faɗi a kotun ɗaukaka ƙara a 2024. Ni abin da ya fi tsaya mini a labarin Howard shi ne lissafin: an ƙara mutum ɗaya a kan bakwai aka samu takwas, adadin da ke rabuwa biyu daidai. Rabin rigimar daga nan ta taso, ba daga shekarun yaron ba.

Sauran jihohin sun fi karkata ga kujerar da ba ta da haƙora. Jihar Niyu Yok ta yi doka a 2024 da ta wajabta wa gundumomi masu babbar sakandare su ajiye ɗalibi aƙalla ɗaya a hukuma daga 1 ga Yuli 2025, ba ƙuri'a, ba shiga zaman sirri. Birnin Niyu Yok kansa yana da nasa tsarin daban. Wasu birane kuma sun ɓullo ta wata hanya, suka bar maganar kujera suka ba 'yan shekara 16 da 17 damar zaɓen mambobin hukumar da kansu. A Kalifoniya, Berkeley ta amince da haka a 2016, Oakland a 2020, amma sai a Nuwamban 2024 matasan suka fara kaɗa ƙuri'a, bayan an sha jinkiri wajen shirya musu rajista. Newark da ke jihar Niyu Jazi ta bi sahu a zaɓen Afrilun 2025.

Mai karatu a Kano ko Katsina zai tuna cewa ƙa'idar kwamitin kula da makaranta, SBMC, ta ware wa ɗalibai gurbi biyu, namiji da mace. Wannan a matakin makaranta ɗaya ne, ba a inda ake raba kuɗi ba, amma tambayoyin iri ɗaya ne: wa ya zaɓe su, kuma ana rubuta abin da suka ce?

Ga mutanenmu iyayen yara da ke zaune a Amurka kuwa, shafin intanet na gundumar makarantar 'ya'yansu yana ɗauke da sunayen mambobi, jadawalin zama da kundin tarukan baya. A nan ake ganin ko akwai ɗalibi, da yadda ake shigar da ƙuri'arsa. In a Kalifoniya ne kuma babu shi, masu tattara sa hannu su lura da kalanda. Hukumar na da kwana 60 ta amsa, sannan a shirya zaɓe, ga dogon hutu yana farawa a watan Yuni. Takardar da aka miƙa a Mayu tana iya ƙarewa da kujerar da babu kowa a kanta har a koma makaranta.