Abin da Dokar Ingila Ke So Ɗan Shekara Bakwai Ya Iya

Kafin 1988 babu wata doka a Ingila da ta jera wa makarantun firamare darussan da za su koyar, in ban da ilimin addini, wanda dokar ilimi ta 1944 ta wajabta. Kowace makaranta ita da malamanta ke zaɓar abin da za su karantar. Dokar gyaran ilimi ta 1988, a zamanin Firaminista Margaret Thatcher, ita ce ta kawo manhajar ƙasa, ta kuma raba shekarun karatu zuwa matakai huɗu. Mataki na farko shi ne aji ɗaya da aji biyu, na yara 'yan shekara 5 zuwa 7. Manhajar da ake bi yanzu an fara aiki da ita ne a Satumban 2014, kuma Ingila kaɗai ta shafa, domin Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace da nata tsarin.

Yawancin yara suna shiga makaranta ne tun suna da shekara huɗu, a ajin share fage, wanda ke ƙarƙashin wasu ƙa'idoji na daban da suka fi ba wasa muhimmanci. Karatu yana zama dole ne daga zangon da ya biyo bayan cikar yaro shekara biyar. A waɗannan ƙananan ajujuwa doka ta hana malami ɗaya ya riƙe yara fiye da 30, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe.

Darussa goma ne a mataki na farko. Uku su ne ginshiƙai: Ingilishi da lissafi da kimiyya. Sauran bakwai su ne tarihi, labarin ƙasa, zane-zane, kiɗa da waƙa, motsa jiki, ilimin kwamfuta, da ƙere-ƙere. Koyon harshen waje ba ya zama dole sai aji uku.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne, manhajar tana faɗin abin da yaro zai sani da abin da zai iya yi ne, ba ta tsara wa malami yadda zai tafiyar da ajinsa ba. Ba ta ambaci littafin da za a saya ba. Doka ma ta hana minista ya ƙayyade sa'o'in da za a ba kowane darasi. Shi ya sa za ka ga makarantu biyu a gari ɗaya, wannan tana koyar da tarihi duk mako, waccan tana tara shi ta yi a makonni biyu a jere, kuma babu wadda ta saɓa ƙa'ida.

Wuri ɗaya ne gwamnati ta sa hannu har cikin hanyar koyarwa, wato koyon karatu. Bayan rahoton masanin ilimi Jim Rose na 2006, Ingila ta tsaya a kan koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa: yaro ya san sautin da kowane harafi ko haɗin haruffa ke bayarwa, sannan ya harhaɗa su ya fitar da kalma. A aji ɗaya ana so ya riƙa furta sautukan Ingilishi sama da 40 da zarar ya ga haruffansu, ba tare da inda-inda ba. Wannan aiki ne ja, saboda rubutun Ingilishi ba ya bin furuci sau da ƙafa, har sai da manhajar ta ware jerin kalmomin da suka bauɗe wa ƙa'ida don a koya su daban. Littattafan da ake ba yaro ya karanta da kansa dole su dace da sautukan da ya riga ya koya, don kada ya koma cinkar kalma daga hoto.

A watan Yuni na aji ɗaya ake gwada wannan, tun daga 2012. Malami ya zauna da yaro shi kaɗai, ya ba shi kalmomi 40 ya karanta. Ashirin daga ciki kalmomin ƙarya ne marasa ma'ana, kowace da hoton wata halitta ta almara a gefenta, kamar sunanta ke nan. Dalili shi ne a tantance wanda ya iya haɗa sauti daga wanda ya haddace siffar kalmomi kawai. Makin cin gwajin ya tsaya a 32 tun farawa, kuma wanda bai kai ba ana ƙara masa taimako ya sake a aji biyu. Akwai malamai da masana da ke sukar gwajin, suna cewa yaron da ya riga ya iya karatu sosai yakan mai da kalmar ƙarya ta gaskiya ya rasa maki, kuma haɗa sauti ba shi ne fahimta ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma a ganina gwajin na da amfani ɗaya da ba a raina shi: yana tono yaron da ke ɓuya a bayan aji tun yana shekara shida, kafin abin ya yi nisa.

Ita kanta manhajar ba ta tsaya a sauti ba. Ta ce a riƙa karanta wa yara labarai da waƙoƙi da suka fi ƙarfin abin da za su iya karantawa da kansu, su saba da tatsuniyoyi har su iya maimaita su, su haddace wasu gajerun waƙoƙi. A rubutu, ɗan aji ɗaya zai iya riƙe fensir daidai, ya bar fili tsakanin kalmomi, ya fara jimla da babban baƙi ya rufe da aya, ya rubuta sunayen ranakun mako. A aji biyu ake ƙara waƙafi wajen jera abubuwa, da rubuta labarin abin da ya faru da gaske, da sake duba abin da ya rubuta don gyara.

Lissafi shi ma an fayyace shi shekara-shekara. A aji ɗaya yaro zai ƙirga har ya wuce 100, gaba da baya, ya ƙirga bibbiyu da biyar-biyar da goma-goma, ya san lambobin da ke haɗuwa su ba da jimla har zuwa 20 ba tare da lissafi da yatsu kullum ba. Zai gane rabi da kwata, ya faɗi lokaci a agogo in ƙarfe ya cika ko da rabi. A aji biyu zai san jadawalin sau na 2 da 5 da 10, ya tara ko ya ɗebe lambobi masu gida biyu, ya gane sulusi da kashi uku cikin huɗu, ya karanta agogo har minti biyar-biyar, ya kuma tattara bayanai a ɗan jadawali. Abin lura a nan, manhajar ta ce yaron da ya gane da wuri a ba shi matsaloli masu zurfi a kan darasin, maimakon a ruga da shi zuwa na gaba.

Sauran darussan an taƙaita su matuƙa, wasu ba su wuce 'yan layuka ba na shekara biyu gaba ɗaya. A kimiyya akwai tsirrai da dabbobi da sassan jikin mutum, da bambancin katako da roba da ƙarfe da gilashi, da sauyin yanayi a shekara, da mazaunin halittu. A labarin ƙasa yaro zai san nahiyoyi bakwai da tekuna biyar, da ƙasashe huɗu na Birtaniya da manyan biranensu, da gabas da yamma da kudu da arewa. Tarihi ya ba malami zaɓi, sai dai ya kawo misalai irin su gobarar Landan ta 1666, da mutane kamar Florence Nightingale da Mary Seacole da Rosa Parks da Neil Armstrong. Wanda ya fi ba mutane mamaki a 2014 shi ne ilimin kwamfuta: an ce ɗan shekara shida ya fahimci cewa na'ura tana bin umarni ne daki-daki, ya rubuta ɗan gajeren jerin umarni ga kwamfuta, ya gano kuskurensa ya gyara, ya kuma san kada ya bayar da bayanansa a intanet. Iyo kuwa makaranta na iya koyar da shi a wannan mataki ko na gaba, muddin yaro zai iya mita 25 kafin ya gama firamare.

Akwai abubuwa biyu da ke wajen manhajar amma dole ne. Na farko ilimin addini, wanda a yawancin makarantu ake tsara shi a matakin ƙaramar hukuma, kuma iyaye na da 'yancin cire ɗansu daga ciki, haka ma daga taron ibada na kullum. Na biyu ilimin zamantakewa da lafiya, wanda ya zama dole daga Satumban 2020, ya ƙunshi iyali da abota da kare kai. Wannan ba a cire yaro daga cikinsa. Ilimin jima'i bai zama dole a firamare ba, kuma in makaranta ta ƙara shi iyaye na iya cewa a'a. Game da yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, da masu buƙata ta musamman, manhajar ta ɗora wa malamai nauyin tsara darasi yadda za su samu shiga kowane fanni.

Ba kowace makaranta dokar ta ɗaure ba. Makarantun da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi su ne tun asali aka wajabta wa bin manhajar. Makarantun kuɗi ba sa ciki, su kuma waɗanda ake kira akademi, duk da gwamnati ke biyan kuɗinsu, an bar musu 'yanci muddin karatunsu na da faɗi kuma ya haɗa da Ingilishi da lissafi da kimiyya. A Disamban 2024 gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin da zai sa su ma su bi manhajar ƙasa. Jarrabawar ƙarshen aji biyu kuwa ta daina zama dole daga shekarar karatu ta 2023/24, don haka gwajin sauti ne kaɗai ya rage na tilas a wannan mataki. An kuma naɗa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Becky Francis ya sake duba manhajar, ya miƙa rahotonsa a Nuwamban 2025, kuma gwamnati ta ce a Satumban 2028 za a fara koyar da sabuwar.