Asusun karatu na 529 a Amurka: idan aka biya wa ɗan'uwa na nesa makaranta da shi

Mene ne asusun 529?

Asusu ne na tanadin kuɗin makaranta a Amurka, mai sunan ɗalibi guda a kansa. Ribar da ya tara ba ta da harajin tarayya muddin kuɗin ya tafi ga karatun wannan ɗalibin.

Na buɗe wa ɗiyata, amma na ciri dala 10,000 na biya wa jikan kawuna jami'a. Akwai haraji?

Akwai. Hukumar haraji ta IRS ba ta duba alherin niyyarka, sunan da ke kan asusun take dubawa. Uwar kuɗin ba a taɓa ta, ribar ake kamawa. A ce kashi 30 cikin 100 na asusun riba ne: dala 3,000 za ta shiga kuɗin shigarka na shekarar, ga tarar kashi 10, wato dala 300, da ake lissafawa a fom 5329. Za a aiko fom 1099-Q, mai nuna kuɗin da aka cira, da sunan wanda ya karɓi kuɗin. Jihar da ta yi maka rangwamen haraji lokacin zubi ma tana iya karɓe abinta.

To in na sauya sunan kafin in cira fa?

Nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. A wurinmu duk wanda kuka haɗa kaka ɗan'uwa ne, doka kuwa ta ƙayyade dangi, kuma daga ɗalibin take auna zumunta, ba daga kai mai asusu ba. Ta yarda da iyayensa da kakanninsa, 'ya'yansa da jikokinsa, abokin aurensa, yayye da ƙanne da 'ya'yansu, kawu, baffa, gwaggo, inna, surukai, sai 'ya'yan kawu da na gwaggo. Ba ta kai ga dangi na nesa ba. Ɗan ƙaninka ya shiga, jikan kawunka bai shiga ba. Mayar da asusun gare shi daidai yake da cire kuɗin.

Idan dangin na kusa ne amma a Najeriya ko Nijar yake karatu?

Sai makarantar tana da lambar shirin tallafin ɗalibai na gwamnatin Amurka. Bincika lambar tukuna, kafin ka taɓa ko sisi.

Wace hanya ta fi sauƙi?

Bar asusun ɗiyarka yadda yake, ka biya daga aljihu kai tsaye zuwa asusun makarantar. Kuɗin koyarwa da aka biya haka ba ya shiga harajin da ake ɗora wa kyauta, ko nawa ne, ko babu zumunta. Na ɗaki da littattafai ba sa ciki.