Lissafin lahani da juriya a wasan Dungeons & Dragons

Duk ranar Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a Nima, nan birnin Accra, mu buga Dungeons & Dragons, wasan labarin jarumai da ake bugawa da ƙwayoyin ludo, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ƙa'idojin bugu na biyar na 2014 muke bi, kuma da yake ni ke jagorantar wasan, ni ake tsarewa da tambaya duk sanda gardama ta kaure a kan makin rai, wato makin da ke raguwa idan aka yi wa jarumin ɗan wasa lahani.

Mene ne bambancin juriya da tauri da lago?

Lahani iri 13 ne a wasan, kamar wuta, sanyi, guba, sara, suka da duka. Mai juriya ga wani iri rabin lahanin kawai yake ɗauka. Wanda irin ya zama lagonsa ninki biyu yake sha, kamar ƙwarangwal idan aka maka masa guduma. Na ukun kuwa lahanin ba ya taɓa shi sam, shi ya sa muka sa masa suna tauri, don ya yi kama da ɗan tauri da wuƙa ba ta cinsa.

Idan adadin bai rabu biyu daidai ba fa?

Ana yar da ɓarin. Rabin 15 bakwai ne.

Yaushe ake rabawa, kafin a cire sauran ragi ko bayan haka?

Nan ne yawancin rigimarmu take. Juriya ce ke zuwa bayan an gama duk wani ƙari da ragi. A ce an sari jarumi da lahani 21, yana da baiwar da ke rage 3, yana kuma da juriya ga sara: za a fara cire 3 ya koma 18, sannan a raba ya zama 9. Wanda ya fara rabawa zai sami 10, ya cire 3 ya rage 7, ya ci bulus ɗin maki biyu da ba nasa ba. Abin mamaki, ban taɓa ganin wanda ya yi wannan kuskuren ta ɓangaren da zai cuce shi ba.

Mai juriya ga wuta daga haihuwa, idan ya sa zoben juriya ga wuta, kashi ɗaya cikin huɗu zai ɗauka?

A'a, juriya ba ta hawa kan juriya, sau ɗaya ake ƙirga ta ko daga ina ta fito. Amma kada a haɗa wannan da kauce wa hari. Tsafin dunƙulen wuta ana jefa masa ƙwayar ludo mai fuska shida guda takwas. Idan jimilla ta kama 29, wanda ya yi nasarar kaucewa zai ɗauki rabi, wato 14, idan kuma yana da juriya ga wuta ya koma 7. An raba sau biyu, amma ɗaya kaɗai ce juriya.

Takobi mai wuta ya sari mayaƙin da ke cikin hushin yaƙi, me za a raba?

Hushin, wanda baiwa ce ta wasu mayaƙa a wasan, yana ba shi juriya ga sara da suka da duka, ban da wuta, saboda haka dole a ware kowane iri daban. Idan saran 9 ne wutar kuma 7, saran zai koma 4, wutar ta shiga yadda take, jimilla 11. Don haka nake roƙon 'yan wasa su riƙa jefa ƙwayoyin wuta masu launi daban da na sara.